BULALA DA TARBIYYA: INA IYAKAR HORON DA SHARI'A TA YARDAR WA MALAMI?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya 'ya'ya amana a wuyan iyaye, Ya kuma sanya almajirai amana a wuyan malamansu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban malamai, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, a wannan mako muna so mu tattauna da masu karatu a kan wata magana wadda kowane magidanci ya san ta, amma kaɗan ne suke zama su auna ta da ma'aunin Shari'a, watau maganar duka da sauran horon da akan yi wa yara a makaranta.

Duk wanda ya fita daga birnin Katsina ya kama hanyar Dutsin-ma, ba zai yi nisa ba sai ya shiga ƙasar Batagarawa, garin Mallamawan Katsina, wanda aka mai da shi hedkwatar ƙaramar hukuma a 1991. A wannan yanki ne Kwalejin Ilmi ta Tarayya take, wadda aka kafa a 1976 domin horar da malamai. Nan ne kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina take, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa wadda aka kafa a 2006. Ban da waɗannan, ga makarantun firamare da na sakandare, ga na Islamiyya, ga na allo a zauruka da gindin itatuwa. Wurin da ake yaye malamai haka, shi ya fi cancanta a fara yin wannan tambaya: me ake nufi da horo, kuma ina ne ya tsaya?

ABIN DA YA FARU A 1441 HIJIRA

Dalilin da ya sa muka ɗauki wannan magana da nauyi shi ne abin da idon duniya ya gani a shekarar 2019. Ranar 26 ga watan Satumba na wannan shekara 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, wanda ake kira makaranta, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, waɗansu da tabon bulala a gadon baya. Ba a yi wata guda ba, cikin Oktoba, sai ga irinsa a Daura, inda 'yan sanda suka ce sun tarar da mutum 67 a ɗaure, daga mai shekara 7 har zuwa mai shekara 40. Bayan 'yan kwanaki kuma sai aka buɗe wani a cikin birnin Katsina kansa, 'yar tafiya kaɗan daga Batagarawa, aka fito da ɗaruruwan mutane. Fadar Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, wanda shi ma mutumin Daura ne, ta yi Allah wadai da abin, aka kuma rufe gidaje da yawa irin waɗannan.

Adalci ya wajabta mana mu faɗi abu biyu a nan. Na farko, gidan mari daban, tsangaya daban. Dubban alarammomi suna karantar da Alƙur'ani a ƙasar nan ba su taɓa sa wa ɗan kowa sarƙa ba, kuma zalunci ne a yi musu kuɗin goro. Na biyu, yawancin waɗanda aka samu a ɗaure, iyayensu ne da kansu suka kai su, har suna biyan kuɗi, domin shaye-shaye ko sata ko taɓin hankali sun fi ƙarfinsu, asibitocin da za a kai irin waɗannan matasa kuwa ba su wadata ba. Masu karatu za su tuna cewa a watan Mayu na 2018 sai da Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda ya addabi matasa. Uban da ya kai ɗansa gidan mari ba ƙinsa yake yi ba, dabara ce ta ƙare masa.

Amma fa ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya sa uba ya iya ganin mari a ƙafar ɗansa bai ji zuciyarsa ta tashi ba, shi ne ya taso cikin jama'ar da ta amince cewa zafin jiki shi ne ƙofar gyaran hali. Mari ƙarshen hanya ne kawai. Farkonta kuwa ita ce dorinar da ke rataye a zauren malam, da tsumagiyar da ke kan teburin aji, waɗanda ba mai tambayar sau nawa suka sauka yau, ko a kan wane laifi.

YADDA MUKA TASO MUKA TARAR

Mu da muke rubuta wannan, da yawancin masu karanta shi, mun bi ta makarantar allo da asuba da yamma, mun kuma bi ta boko da hantsi. Mun san gardi da bulalarsa yana zagaya ƙolawa, wanda duk muryarsa ta yi ƙasa sai ya ji ta a wuya. Mun san bulalar makara a bakin ƙofar firamare, da kamun kunne, da tsallen kwaɗo, da durƙuso cikin rana hannuwa a sama, da sauran gwale-gwale. Mun kuma sha jin ana cewa wai inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba. To, wannan magana ce ta bakin jama'a, ba hadisi ba ce, kuma ba a gina hukunci a kanta.

Idan aka ta da wannan zance a majalisa, a bakin kasuwa ko a ofis, amsar da aka fi bayarwa ita ce: ai mu ma an doke mu, ga shi mun zama mutane. Wannan amsa tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma lissafinta bai cika ba. Ɗan kasuwar da ya ƙirga ribar buhunan da suka iso lafiya, ya manta da waɗanda suka zube a hanya, bai san matsayin jarinsa ba. Mu da muka jure muka sauke, ko muka kai ga takardar shaida, mu ne muke zaune muna ba da labari. Ina abokan karatunmu da suka gudu daga gaban malam suka faɗa tasha? Ina wanda aka mara har kunnensa ya toshe? Ina wanda ya girma ba ya son ko ganin allo, saboda abin da yake tuna masa? Su ba a gayyatarsu majalisa su ba da shaida.

ABIN DA SUNNA TA NUNA

Masu kare duka sukan kafa hujja da hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ya umurci iyaye su hori 'ya'yansu da salla tun suna da shekara 7, su kuma buge su a kanta idan sun kai 10. Hadisin sananne ne, ba kuwa mai musunsa. Amma a dubi abin da ke cikinsa da kyau. Salla ita ce mafi girman aiki bayan kalmar shahada, duk da haka an ba yaro shekara 3 cur ana umurtarsa da baki kafin a yi zancen bugu. Idan aka lissafa salla biyar a yini har shekara 3, tunatarwa ce fiye da sau 5,000. To, ina hujjar malamin da ke zane yaro ɗan shekara 5 domin ya kasa bambanta baƙi da baƙi a rana ɗaya?

Sa'an nan a dubi aikin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, domin aikinsa shi ne fassarar maganarsa. Anas ɗan Maliku ya yi masa hidima shekara 10, tun yana yaro, ya kuma ba da shaida, kamar yadda Buhari da Muslim suka kawo, cewa bai taɓa yi masa ko tsaki ba, bai kuma taɓa tuhumarsa a kan abin da ya aikata ko wanda ya bari ba. Uwar Muminai A'ishatu ta ba da labari, cikin Muslim, cewa bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Mu'awiya ɗan Hakam ya yi magana cikin salla saboda rashin sani, mutane suka yi ta harararsa, amma da aka sallame Annabi ya kira shi ya fahimtar da shi, bai daka masa tsawa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba, har Mu'awiya ya ce bai taɓa ganin malamin da ya fi shi iya koyarwa ba. Haka kuma labarin balaraben ƙauye da ya yi fitsari a masallaci: an hana sahabbai su katse shi, aka zuba ruwa a wurin, aka yi masa bayani.

Bugu da ƙari, ingantattun hadisai sun hana dukan fuska, sun kuma hana a wuce bulala 10 in ba cikin haddi daga haddodin Allah ba. Idan wannan ita ce iyakar da aka sa wa baligi mai laifi a gaban alƙali, yaya yaron da alƙalami bai hau kansa ba tukuna?

ABIN DA MALAMAN MAZHABARMU SUKA RUBUTA

Waɗansu suna zaton zancen taƙaita duka baƙon ra'ayi ne da Turawa suka kawo. Alhali kuwa malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu muke karantawa a zaurukanmu, sun riga sun tsara wannan al'amari, fiye da shekara 1,000 da suka wuce.

Muhammadu ɗan Sahnun, mutumin Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a shekara ta 256 Hijira, watau 870 Miladiyya, ya wallafa littafi mai suna Adabul Mu'allimina, wanda yana cikin littattafan farko da Musulmi suka rubuta kan ladubban malaman yara. A ciki ya bayyana cewa horo a kan karatun Alƙur'ani kada ya wuce bulala 3. Idan yaro ya cuci wani, ana iya ƙarawa, amma sai da iznin ubansa, kuma ko ta yaya ba za a wuce 10 ba. Ya hana dukan kai da fuska. Ya hana malami ya yi duka domin huce fushinsa, sai domin amfanin yaron kaɗai. Ya hana a hana yaro abincinsa da abin shansa. Har ila yau ya hana malami ya miƙa wa wani ɗalibi bulala ya doki 'yan uwansa. Masu karatu su auna wannan hukunci na ƙarshe da al'adar gardi a tsangaya, da ta manyan ɗalibai a makarantun kwana.

Bayansa sai Abul Hasan Alƙabisi, shi ma na Ƙairawan, wanda ya rasu a 403 Hijira, ya faɗaɗa wannan bayani. Ya nuna cewa malami yana matsayin uba ne ga yaran, don haka tausasawa ita ce asali, kuma ba a zuwa ga bulala sai an bi matakan da ke gabanta: nasiha, da jan kunne, da faɗa wanda babu zagi a cikinsa. Waɗannan malamai har sun tattauna zancen diyya, suka tabbatar da cewa malamin da ya ƙetare iyaka ya jawo wa yaro lahani, lamunin abin yana kansa. Watau a Shari'a jikin ɗalibi yana da alfarma, kasancewar mutum malami ba ta halatta masa shi.

Ibnul Hajji, mai littafin Almadkhal, wanda ya rasu a Masar a 737 Hijira, ya lura da cewa yara ba ɗaya suke ba: wani haɗe fuska ya ishe shi, wani sai an yi masa magana mai kaushi, wani kuma sai an kai ga bugu, kowa da gwargwadonsa. Ya kuma yi kakkausar suka ga malaman zamaninsa masu tanadin busassun sanduna da bulalai da turu domin yara. Wannan littafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, gama Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya taƙaita shi cikin littafinsa Lubabul Madkhal.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 Hijira, ya shimfiɗa hanyar renon yaro cikin Ihya'u Ulumiddini. Ya ce idan yaro ya yi abin kirki a yabe shi a gaban mutane, a saka masa. Idan ya yi kuskure karo na farko, musamman in yana ƙoƙarin ɓoyewa, a kau da kai, kada a tona shi. In ya sake, a yi masa faɗa a asirce. Ya gargaɗi mai reno kada ya yawaita faɗa kullum, domin yaron zai saba, maganar ta daina yi masa nauyi. Ya kuma ce a bar yaro ya yi wasa bayan karatu, domin hana shi wasa yana kashe zuciyarsa, yana dushe basirarsa.

Amma wanda ya fi kowa bayyana illar tsanani shi ne Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 808 Hijira, watau 1406. Cikin Muƙaddima ya keɓe fasali guda a kan cewa gallaza wa masu koyo yana cutar da su. Bayaninsa shi ne, wanda aka rena da ƙarfi da tursasawa, ransa yakan ƙuntata, kuzarinsa ya tafi, lalaci ya kama shi, sa'an nan ya koyi ƙarya da makirci, domin yana nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba saboda tsoron hannun da ke kansa. A hankali wannan ya zama ɗabi'arsa. Ya kuma kawo wasiyyar da Halifa Haruna Rashid ya yi wa malamin ɗansa Al'amin, wadda ta ƙunshi cewa ya gyara shi da kusanci da lallashi gwargwadon iko, sai in ya ƙi sa'an nan a tsananta.

Mu tsaya mu yi tunani a kan wannan, ya ku 'yan kasuwa da ma'aikata. Kullum muna kuka da yaron shago mai gaskiya a gaban maigida, maci amana a bayan idonsa. Muna kuka da akawun da ba ya taɓa fayil sai in shugaba yana tsaye a kansa. A ina suka koyi cewa aiki na ganin ido ne? Yaron da aka koya wa cewa dalilin yin daidai shi ne tsoron bulala, ranar da bulala ta kau dalilin ya kau. Wanda kuwa aka koya wa cewa Allah Yana ganinsa, ko a cikin ɗaki shi kaɗai yana da mai tsaro.

DOKAR ƘASA DA SAURAN DUNIYA

Kundin dokokin laifuffuka na Final Kod, wanda ya fara aiki a Jihar Arewa a 1960, ya ba uba da malamin makaranta damar horon yaron da bai kai shekara 18 ba, cikin sashe na 55, bisa sharaɗin kada abin ya kai ga mummunan rauni. A 2003 Nijeriya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara, wadda ta haramta azabtar da yaro da wulaƙanta shi, Jihar Katsina kuma ta yi tata Dokar Kare Yara a 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. A 2023 aka kafa hukumar tarayya mai kula da ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

Waɗansu ƙasashe sun zaɓi hana duka ɗungurungum. Siwidin ta hana shi a makarantu a 1958, ta hana shi har a cikin gida a 1979. Ingila ta daina shi a makarantun gwamnati a 1987, Afirka ta Kudu a 1996, Kenya a 2001. A nan gida, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa cikin kowane yara 10 na Nijeriya, 6 sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kimanin rabin yaran kuma sun sha cin zarafi na jiki. A 2016 waɗansu masana biyu a Amurka suka tattara nazarce-nazarce 75 da suka shafi yara fiye da 160,000 a kan dukan da iyaye ke yi, suka tarar bai sa yara sun fi biyayya ba, sai ma yana tafiya tare da ƙaruwar taurin kai da faɗace-faɗace. Ba mu kawo wannan domin mu sa shi gaba da maganar malamanmu ba. Mun kawo shi ne domin a ga cewa abin da Ibnu Khaldun ya hango da basira shekara 600 da suka wuce, shi ne masu ƙididdiga suka zo suka tarar.

UZURIN MALAMI

Ba daidai ba ne mu ɗora laifin duka a kan malami. Malamin firamaren da aka tara wa yara ɗari a aji ɗaya, ba kujera, ba littafi, albashi kuma ba ya kai shi tsakiyar wata, bulala ce kayan aikin da ya fi sauƙin samu. Alaramman da aka jibge wa almajirai, ba a aiko da hatsi ba, ba a aiko da sabulu ba, ko kuɗin Laraba sai an ga dama, dole ya jingina da gardawa. Uba kuwa ya fita kasuwa ko ofis tun da sassafe, bai dawo ba sai yara sun yi barci, bai san sunan malamin ɗansa ba, bai san izun da yake ba. Ranar da ya ji yaron ya lalace sai ya ɗauke shi ya kai makaranta ya ce a zane masa shi. Wannan sauke nauyi ne a kan wanda ba nasa ba. Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwara icce hannu yake sawa a hankali, yau da gobe. Wanda ya sa ƙarfi gaba ɗaya karya shi zai yi.

Haka kuma ba mu tare da masu ganin a saki yara sakaka, a hana malami ko da ɗaga murya. Makarantar da ba ta da doka ba makaranta ba ce, kuma yaron da ba a taɓa ce masa bari ba, duniya ce za ta hore shi, horonta kuwa ba tausayi. Horo wajibi ne. Abin da muke cewa shi ne horo ya fi bulala faɗi, kamar yadda magani ya fi ƙaho da tsaga faɗi.

SHAWARWARINMU

Ga malamai, na allo da na Islamiyya da na boko, muna tunatarwa cewa sharuɗɗan da malaman fiƙihu suka gindaya ba ado ba ne. Kada a doki ƙaramin yaron da bai kai hankalin gane laifinsa ba. Kada a yi duka cikin fushi. Malamin da ransa ya ɓaci ya jinkirta hukunci sai ya huce, sau da yawa zai ga ba ya ma bukatarsa. Kada a taɓa fuska da kai. Kada a bar tabo, balle jini. Kada a wuce adadin da aka iyakance. Kada a ba ɗalibi bulala. Kada a doki yaro domin ya kasa ganewa, gama rashin fahimta ba laifi ba ne, wataƙila ma yunwa ce, ko ciwon ido, ko nauyin kunne. Kada a zagi iyayensa. Wanda ya san ba zai iya tsare waɗannan sharuɗɗa ba, to, abin da ya fi masa aminci a duniya da lahira shi ne ya ajiye bulalar, domin duka izni ne mai ƙunci, ba umurni ba ne, kuma ba a ce wanda ya bar shi ya yi zunubi ba.

Hanyoyin da za su maye gurbinsa suna da yawa, kakanninmu ma sun san su. Akwai yabo a gaban 'yan uwa, da kyautar alƙalami ko dabino ga wanda ya kiyaye. Akwai ɗaure fuska da ƙin kula yaro na ɗan lokaci, wanda ga ɗalibin da ke son malaminsa ya fi bulala zafi. Akwai sa shi ya gyara abin da ya ɓata, ya share inda ya ƙazantar, ya nemi gafarar wanda ya cuta. Akwai ba fitinannen yaro wani aiki na amana, kamar riƙon tawada ko kiran suna, domin sau da yawa fitinarsa neman a san da shi ne. Akwai kuma kiran uba, a zauna a yi magana.

Ga hukumomin makarantu, ya kamata kowace makaranta ta rubuta dokokinta da hukuncin kowane laifi, a karanta wa iyaye ranar da suka kawo yaro. Duk horo mai nauyi ya zama a hannun hedimasta ko shugaban makaranta kaɗai, a kuma rubuta shi cikin littafi: sunan yaro, laifinsa, abin da aka yi masa, da wanda ya shaida. Ma'aikacin gwamnati ya san cewa abin da ake rubutawa ba a cika yin wasa da shi ba.

Ga manyan makarantun da ke ƙasar Batagarawa, musamman masu horar da malamai, muna roƙo su ba littattafan Ibnu Sahnun da Alƙabisi da Malam Abdullahi na Gwandu muhimmanci cikin darussan sanin dabarun koyarwa, a kuma fassara su da Hausa, a riƙa gayyatar alarammomin da ke kewaye ana bita tare. Alaramman da ba zai saurari takardar da aka rubuto daga waje ba, zai saurari maganar ɗan Sahnun, domin ya san ubansa shi ne mai Mudawwana. Katsina, garin Gobarau da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, garin da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921 wadda ta yaye su Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ita ta fi dacewa ta yi jagora a wannan gyara.

Ga attajirai kuwa, kamar yadda ake gasa wajen gina masallatai, a tuna da gina azuzuwa, da ɗaukar nauyin ƙarin malamai, da kafa wuraren jinyar matasan da shaye-shaye ya kama, inda likita da malami za su haɗa hannu. Muddin uba bai da inda zai kai ɗansa da ya gagara, gidan mari da aka rufe a wannan unguwa zai sake buɗewa a waccan.

Ga iyaye, mu da ku baki ɗaya: mu riƙa duba bayan 'ya'yanmu kamar yadda muke duba allunansu da littattafansu. Mu ziyarci makaranta ba sai an kira mu ba. Idan muka ga abin da bai dace ba, mu sami malam a keɓe cikin girmamawa, kada mu ci mutuncinsa a gaban yaro, kada kuma mu yi shiru. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Hadisi ingantacce ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ranar wannan tambaya, yaron da aka zalunta zai tsaya da bakinsa, ba kuwa za a karɓi uzurin cewa haka muka tarar ana yi ba.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya saka wa malamanmu da alheri, waɗanda suka rasu Ya jiƙansu, Ya kuma ba mu ikon riƙon amana. Amin.